Sulhun Gowon Bayan Yaƙin Basasa: An Yi Afuwa, Ba a Ji Ba'asi Ba

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Nijeriya ya san yadda littattafan makaranta suke rufe babin Yaƙin Basasa. Sukan ce yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon ya bayyana cewa babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci da yaƙi, sannan ya fito da manufofi uku, watau sulhu, da sake gina ƙasa, da tsugunar da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Daga nan sai a wuce zuwa babi na gaba. Ɗalibi ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan labari da abin da ya gudana, domin yaran da muke koyarwa yau suna jin wani labarin daban a waya da rediyo, kuma idan malami ba shi da amsa sai haddar nan, to yaron zai ɗauka malam ne bai sani ba, ko kuwa yana ɓoye wani abu.

Littattafai biyu za su iya tsayawa a madadin ɓangarorin da suke jayayya. Na farko shi ne tarihin rayuwar Gowon wanda Farfesa J. Isawa Elaigwu na Jami'ar Jos ya wallafa a 1986, inda aka nuna shi a matsayin soja mai dattako wanda ya riƙe ƙasa a lokacin da take shirin wargajewa. Na biyu shi ne There Was a Country na Chinua Achebe, wanda ya fito a 2012, inda marubucin ya ɗauki sulhun a matsayin magana mai daɗi da aka lulluɓe danniya da ita. Ra'ayina shi ne kowannensu ya kama gaskiya ta gefe guda. Elaigwu ya fi duba halin mutumin da abin da ya hana aukuwa, Achebe kuwa ya fi duba abin da talakan Gabas ya tarar a banki da ofis bayan an ajiye bindiga. Sai an haɗa su biyun ake ganin inda gizo yake saƙa.

Abin da aka hana aukuwa

Ya kamata a fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda bai san irin fargabar da ake ciki a ƙarshen 1969 ba, ba zai gane nauyin abin da Gowon ya yi ba. An shafe wata 30 ana yaƙi, tun daga 6 ga Yuli 1967. Rediyon Biyafara ya daɗe yana gaya wa jama'arsa cewa ranar da sojan tarayya suka shigo, ranar za a ƙarar da Ibo daga doron ƙasa, kuma jaridun Turai da Amurka da yawa sun yarda da haka. Mutanen Gabas suna da dalilin gaskata wannan magana, don sun ga kashe-kashen 1966 a biranen Arewa, sun kuma ji abin da ya faru a Asaba. Rundunar sojan Nijeriya, wadda ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi, ta kumbura ta kai wajen 250,000, yawancinsu samari ne da aka ba horo na 'yan makonni aka miƙa musu bindiga. Runduna irin wannan, idan ta ga abokin gaba ya faɗi, kalma ɗaya daga sama ta isa ta mayar da nasara ta zama ramuwar gayya.

Ojukwu ya fice zuwa Kwaddebuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya sanar da ajiye makamai ranar 12 ga Janairu, kwana uku bayan haka kuma Kanar Olusegun Obasanjo ya kawo tawagarsa Barikin Dodan a Legas. Gowon ya karɓe su kamar abokan aiki da suka daɗe ba su haɗu ba, ya rungumi Effiong a gaban 'yan jarida. Aka yi shelar afuwa ga kowa, aka ware kwana uku na addu'a, ba a kafa kotun hukunta shugabannin tawaye ba, ba a rataye kowa ba. An samu wawashe dukiya da cin zarafin mata a makonnin farko a wasu wuraren da soja suka shiga, wannan ba abin musu ba ne. Amma kisan ƙare-dangi da aka yi ta hasashe bai auku ba. Mutumin da ya yi wannan yana da shekara 35 ne kacal a lokacin.

Wani abu da masu suka sukan tsallake shi ne cewa wannan hali bai faro ranar da yaƙi ya ƙare ba. Tun 1967 Gowon ya raba wa soja takardar ƙa'idojin yaƙi, wadda ta tunatar da su cewa 'yan uwansu 'yan Nijeriya suke yaƙa, kuma yaƙin ba na addini ba ne. A 1968 ya gayyato masu sa ido daga Ingila da Kanada da Polan da Suwidin, tare da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, su bi sojansa su ga abin da suke yi. A shekarar ce aka harbe wani hafsan tarayya saboda ya kashe fursuna maras makami a gaban 'yan jaridar waje. Ya kuma naɗa Ukpabi Asika, Ibo ɗan Anaca mai koyarwa a Jami'ar Ibadan, ya zama kantoman Jihar Gabas ta Tsakiya tun 1967, domin idan an gama yaƙi mutanen yankin su tarar da ɗansu ne yake mulkinsu. Bayan yaƙin ya sasanta da ƙasashen Afirka huɗu da suka amince da Biyafara, watau Tanzaniya da Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya. Saboda irin waɗannan abubuwa ne ake yawan kwatanta shi da Abraham Lincoln na Amurka. Kwatancin yana da gurbi, sai dai akwai bambanci babba: an kashe Lincoln a Afrilun 1865, 'yan kwanaki bayan babbar rundunar Kudu ta miƙa wuya, saboda haka ana auna shi da niyyarsa. Gowon kuwa ya ƙara shekara biyar da rabi a kan mulki, da kuɗin man fetur a hannunsa, don haka dole a auna shi da aikinsa.

Fam 20, gidaje, da kujerun ofis

A nan ne littattafan makaranta suke yin shiru, kuma a nan ne Achebe ya fi ƙarfi. Tun a Janairun 1968 gwamnatin tarayya ta canza takardun kuɗi domin ta kashe darajar waɗanda suke hannun Biyafara, Biyafara kuma ta buga nata. Da aka gama yaƙi, sai aka ce kowa ya kai kuɗin Biyafara banki, aka kuma yanke cewa za a ba kowane mai ajiya fam 20, ko nawa ya kai. Cif Obafemi Awolowo ne Kwamishinan Kuɗi na Tarayya a lokacin, kuma masu kare matakin suna da hujja: gwamnati ba za ta iya fansar kuɗin da 'yan tawaye suka buga ba adadi ba tare da ta karya darajar nata ba. Hujjar tana da ma'ana a ofishin baitulmali. Amma mai karatu ya sa kansa a matsayin ɗan kasuwar Aba ko malamin makaranta a Owerri, wanda ba shi da zaɓi a shekarun yaƙi sai ya karɓi kuɗin da ake kashewa a garinsu, sannan a ce masa shi da wanda bai ajiye komai ba duk ɗaya ne. Shekara biyu bayan haka, a 1972, aka kafa dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, aka buɗe sayar da hannun jari a daidai lokacin da attajiran Gabas ba su da ko sisi. Ban yarda da masu cewa an tsara dokar don a cuci Ibo ba, don irin wannan doka tana tashe a ƙasashen Afirka da dama a lokacin. Abin da za a iya cewa shi ne gwamnatin da ta ɗauki sulhu da gaske za ta lura da wanda aka bari a baya, ta ware masa kaso ko ta ba shi rance. Ba a yi hakan ba.

Batun gidaje ya fi wannan ciwo. Ibo da suka gudu daga sassan ƙasa a 1966 da 1967 sun bar gidaje da shaguna. A Kano da wasu biranen Arewa an kafa kwamitocin kula da waɗannan kadarori, aka riƙa karɓar kuɗin haya ana ajiyewa, da masu su suka dawo aka mayar wa da yawansu gidajensu har da hayar da ta taru. Wannan abin a yaba ne, amma kada ya zame mana abin taƙama, domin a biranen nan ne aka zubar da jinin da ya kore su tun farko. A Fatakwal kuwa, gwamnatin Jihar Ribas a ƙarƙashin Alfred Diete-Spiff ta ɗauki gidajen Ibo a matsayin dukiyar da aka yasar, kuma da yawa daga masu su ba su sake shiga cikinsu ba. Ta yaya ɗan ƙasa zai yasar da dukiya a cikin ƙasarsa, alhali dalilin yaƙin shi ne a tabbatar masa cewa ƙasar tasa ce? Dalilin da ya sa Gowon bai tsawata ba a fili yake. Jihohi 12 da ya ƙirƙiro ranar 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin shelar Biyafara, su ne suka jawo masa ƙananan ƙabilun Gabas, waɗanda su ma suna da ƙorafinsu a kan danniyar Ibo da abin da sojan Biyafara suka yi musu. Bai so ya ɓata wa waɗanda suka tsaya masa ba. Lissafi ne na siyasa, kuma an bar wa gwamnatocin da suka biyo baya su yi ta fama da shi.

Haka abin yake a aikin gwamnati, wanda shi ne fagen da na fi sani. An mayar da ma'aikata da yawa bakin aiki, wannan gaskiya ne. Amma a 1970 ɗin aka kafa Doka ta 46, wadda ta ba hukuma ikon sallamar jami'in da aka ga ya taka rawa a tawaye, aka kuma kafa kwamitin tantance hafsoshin soja a ƙarƙashin Birgediya Adeyinka Adebayo. Wasu aka mayar da su, wasu aka sallame su, waɗanda suke da hannu a juyin mulkin Janairun 1966 kuwa aka ci gaba da tsare su har 1974. Wanda ya yi aikin gwamnati ya san cewa ko an mayar da mutum, idan ya rasa shekara uku na girma, yaran da ya koya wa aiki su ne za su zama shugabanninsa har ya yi ritaya. Sai a shekarar 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar da aka yi wa soja da 'yan sandan da suka yi wa Biyafara aiki ta zama ritaya, kuma sai a 2017, zamanin Shugaba Buhari, aka amince da biyan fanshon waɗancan 'yan sanda, lokacin da da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ba a sake samun Ibo a kujerar Babban Hafsan Sojan Ƙasa ba sai 2010, da aka naɗa Azubuike Ihejirika.

Akwai kuma batun agaji. Da yaƙi ya ƙare, Gowon ya ƙi karɓar taimako daga ƙasashe da ƙungiyoyin da suka tallafa wa Biyafara, irin su Faransa da Fotugal da ƙungiyoyin coci da suka riƙa kai kaya ta jirgin sama, aka kuma kori limaman mishan da dama. Fushin yana da dalili. Amma yaran da kwashiyoko ya kama a ƙauyukan Gabas ba su san wannan siyasa ba, kuma waɗanda aka kora su ne suka fi sanin inda yunwar take.

Shirun da aka zaɓa

Duk waɗannan kura-kurai ne na aiwatarwa, kuma ana iya ɗora wani ɓangare nasu a kan kwamishinoni da gwamnoni. Babban raunin sulhun, a ganina, yana cikin tsarinsa ne. A al'adarmu, idan mutum biyu suka yi rigima aka kai gaban mai unguwa ko dagaci, ba a fara cewa a yafe ba. Sai an zaunar da su, kowa ya faɗi ba'asinsa, shaidu su yi magana, a nuna wa mai laifi laifinsa ya amsa, idan akwai abin biya a yanke, sannan dattawa su ce to, a yi haƙuri a yafe. Wanda aka cuta ya tashi ya san an ji shi. Gowon ya fara ne daga ƙarshen zaman. Ya ce an yafe wa kowa, kuma da wannan kalma ya rufe bakin kowa.

A duba jerin abubuwan da ba a taɓa zama a kansu ba. Waɗanda suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Cif Akintola da Birgediya Zakariya Maimalari da sauran manyan hafsoshi ranar 15 ga Janairu 1966 ba a gurfanar da su gaban kotu ba, kuma wannan yana cikin abin da ya harzuƙa Arewa. Waɗanda suka kashe Janar Ironsi da Laftanar-Kanar Fajuyi da hafsoshin Ibo a Yulin shekarar, su ma haka. Kashe-kashen Mayu da na Satumba da Oktoban 1966 a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da sauran garuruwa, inda dubban 'yan Gabas suka mutu, fiye da miliyan kuma suka gudu gida, ba a hukunta kowa a kansu ba. A Asaba, ranar 7 ga Oktoba 1967, sojan Runduna ta 2, wadda Kanar Murtala Muhammad yake jagoranta, sun harbe ɗaruruwan maza da samari. Gowon ya nemi gafarar mutanen garin a 2002, shekara 35 bayan aukuwar abin. Abin da sojan Biyafara suka yi wa ƙananan ƙabilu a Ribas da Kalaba da Jihar Yamma ta Tsakiya shi ma an binne shi. Hatta adadin waɗanda yunwa ta kashe sakamakon toshe hanyoyi, ba a ƙidaya ba, shi ya sa yau wani zai ce rabin miliyan, wani ya ce miliyan 3, kowa ya zaɓi lambar da ta dace da fushinsa.

Masu kare Gowon za su ce ba zai iya ba, kuma wannan hujja tana da nauyi. Hafsoshin da suka ɗora shi kan mulki a 1966 su ne za a fara tuhuma, su ne kuma suke riƙe da rundunoni. Da ya buɗe bincike a 1970, mai yiwuwa da bai kwana a Barikin Dodan ba. Kwamitin gaskiya da sulhu irin na Afirka ta Kudu, wanda Desmond Tutu ya jagoranta, sai a 1995 aka kafa shi, ba adalci ba ne a zarge shi da rashin bin misalin da bai riga ya wanzu ba. Na amince da wannan game da 1970. Ban amince da shi game da 1973 da 1974 ba, lokacin da ƙasa ta lafa, farashin mai ya ninka har sau huɗu, shi kuma yana kan ganiyar farin jininsa. Ba sai an rataye kowa ba. Ana iya tattara sunayen matattu, a rubuta abin da ya faru gari-gari, a biya diyya inda ta wajaba. Da aka zo yin wani abu mai kama da haka a Kwamitin Mai Shari'a Oputa, wanda aka kafa a 1999, Ohanaeze ta kawo ƙorafinta, Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa ta kawo martani, zaman ya koma musayar zargi, rahoton da aka miƙa a 2002 kuma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba.

Abin da ya dore daga gininsa shi ne abin da ya zuba cikin doka da hukuma. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa da Doka ta 24 ranar 22 ga Mayu 1973, ya kai ɗan Sakkwato ƙauyen Anambara, ya kawo ɗan Inugu ajin firamare a Gumel, kuma auratayya da abota da suka fito daga cikinsa ba su ƙirguwa. Kwalejojin gwamnatin tarayya da aka yawaita a shekarun nan sun yi irin wannan aiki ga 'ya'yan da suka samu shiga. An gyara gadar Neja a Anaca, Jami'ar Nsukka ta sake buɗewa. Shekara tara kacal bayan yaƙi, Alex Ekwueme ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, kuma Shehu Shagari, wanda ya riƙe ma'aikatar sake gina ƙasa a ƙarƙashin Gowon daga 1970, shi ne ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982. Ƙasashe kaɗan ne suka yi yaƙin basasa suka kai nan cikin wannan ɗan lokaci. Sai dai mafi yawan farfaɗowar Gabas aikin mutanenta ne, ta hanyar ƙungiyoyin gari da koyon sana'a a wurin ubangida, abin da kowa ya gani da idonsa a Sabon Gari.

Abin da bai zuba cikin doka ba kuwa ya tafi tare da shi. A 1970 ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, ranar 1 ga Oktoba 1974 ya janye alkawarin. Ƙidayar 1973 ta tayar da tsohuwar gabar Kudu da Arewa, gwamnoninsa suka yi ƙaurin suna da almundahana ya kasa cire su, sojan da suka kumbura ba a rage su ba. Ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, aka hamɓarar da shi, ba tare da ya bar tsarin mulkin da zai warware tambayar da aka yi yaƙi a kanta ba, watau yadda za a raba iko da arziki tsakanin tsakiya da sassa. Ƙungiyar MASSOB da ta fito a 1999, da IPOB da ta biyo bayanta, yawancin mabiyansu an haife su ne bayan 1970. Labarin yaƙin sun ji shi ne a bakin kaka, domin makaranta ba ta ba su ba, musamman da aka cire darasin Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009 har sai da aka yi shekaru kafin a maido shi. Yaranmu na Arewa su ma haka: sun san an kashe Sardauna, kaɗan ne suka san abin da ya biyo baya a titunan garuruwansu.

Shawarata ga malamai ita ce idan an zo wannan babi, a rubuta manufofin nan uku a allo kamar yadda aka saba, sannan a ƙarƙashin kowace a sa ɗalibai su kawo abin da aka yi da abin da aka bari, har da fam 20 da gidajen Fatakwal da Asaba da 1966. Ga hukumar tarihi kuwa, akwai aikin da lokaci yake ƙure masa. Tsofaffin sojan da suka je bakin daga yanzu sun haura 75, haka dattawan Ibo da suka dawo Sabon Gari a 1970, da masu unguwanni da maƙwabtan da suka ɓoye baƙi a gidajensu a 1966. A tura ma'aikata da na'urar ɗaukar magana su zauna da su, a kuma nemo fayilolin kwamitocin kadarori a ɗakunan ajiyar takardu na Kaduna da na jihohi, a yi musu rajista kafin gara ta gama da su.